Tafiyar da Muka Zana a Bayan Kwali

Shekara goma sha ɗaya na yi a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda muke buga bokitai da kujeru. Uku daga ciki na cinye su ina shirin wata tafiya tare da abokin aikina, wani mutumin Filato da kowa ke kira Injiniya, don shi ke gyaran injunanmu. Ya ba ni kusan shekara goma. Yana haya a Na'ibawa da iyalinsa, ni kuma ina Zawaciki. Babur ne ya haɗa mu, domin namu iri ɗaya ne, kuma kullum gefe ɗaya muke kafe su.

Wata rana lokacin hutun cin abinci, muna zaune bayan ɗakin janareta, ya ce, "Malam, ka taɓa ganin teku?"

Na ce, "Injiniya, ni ko Zariya sau biyu na je."

Ya yago gefen wani kwali, ya ciro biro ya fara zane. Daga Kano mu bi ta dajin Falgore mu hau Jos, mu kwana a ƙauyensu. Mu gangara Bauchi mu shiga Yankari, mu yi wanka a ruwan ɗumi, in da rabo mu ga giwa. Sai Jalingo, sai hawan Mambila har Gembu, inda ya ce hazo kan sauko har bisa rufin ɗaki. Daga nan mu yi kudu ta Obudu, mu ƙare a Kalaba, a bakin ruwa. Ya taɓa yin rabin hanyar yana saurayi, a bayan babbar mota.

Na ɗauka zancen cika baki ne, sai ga shi washegari ya zo da jerin kaya: tub biyu na taya, famfon iska, sarƙa, rigar ruwa, bargo. Ya koya mini ɗaurin kaya yadda ba zai rinjayi babur ba. Ya ce in mun zo gangaren dutse kada in dogara da birki, in bar shi a giya ta ɗaya, injin ya riƙe kansa. Muka tsayar da lokaci, ƙarshen damina, sa'ad da ciyawa ke kore kuma hanya ta tsane.

Shekarar farko manaja ya ce mu biyu ba za mu tafi hutu tare ba, don in Injiniya ba ya nan ni ke lallaɓa injin. Ta biyu aka yi ta jin labarin tare hanya, matarsa ta je har gidana ta roƙi tawa ta hana ni. A ta uku aka rage ma'aikata, aikin mutum uku ya dawo kan ɗaya. Awa goma sha biyu muke yi a tsaye cikin warin narkakkiyar roba. In an fita hutu ba mai iya magana. Mu ci shinkafa da wake, mu jingina da bango, sai ƙararrawa ta tashe mu. Wani lokaci Injiniya yakan ce, "Malam, Gembu fa," in ce, "Tana nan," shi ke nan.

Da aka sake rage mutane, sunansa ya fito. Bai yi jayayya da kowa ba. Ya sa iyali da kaya a mota, ya ce shi da babur zai koma gida. Na ce zan raka shi.

Ran Asabar da hantsi muka kama hanya. Bayan Tudun Wada gari ya buɗe, itatuwa suka yi duhu, duwatsu suka fara leƙowa ta gabas. Na daɗe ban ji iska mai daɗi haka ba. Amma kafin mu fita daga dajin bayana ya ƙage, yatsuna sun yi tsami a kan totur. Muka tsaya wajen wata mata mai gasa masara. Shi ma da ƙyar ya sauko, yana dafe da gwiwa.

Ya dube ni ya yi dariya. "Ko kashi ɗaya cikin goma ba mu yi ba."

Na ce, "Da mun tafi tun shekarar farko, da mun iya."

"Wataƙila," in ji shi.

Na nemi ruwa na yi alwala, ya zauna yana gadin baburan har na idar da azahar. Sannan ya ce in juya haka nan, kada yamma ta yi mini a daji. Muka yi musabaha, ya ce in gaida gida, ni ma na ce ya gaida yara. Na tsaya har ya sha kwana.

Ruwa ya tare ni a Kwanar Ɗangora, na fake a wata rumfa kusan awa guda. Ran Litinin na tarar da sabon makaniki tsaye gaban inji na huɗu, yana tambayar inda ake ajiye sifanu. Na kai shi na nuna masa.