Eriyar da Na Rantse Ta Asali Ce

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne mai 'ya'ya uku a Najeriya, na je Umara na maƙale a Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama. Sana'ata gyaran wayoyin mota. Wani Bahaushen Sudan mai gareji a unguwar Khumra, wanda muke kira Mu'allim, shi ya ɗauke ni aiki, ya ba ni ɗaki a bayan garejin. Aikinsa farfaɗo da tsofaffin motoci, irin waɗanda masu su ke son a mayar da su yadda suka fito daga kamfani, ko noti ɗaya ba su yarda a sauya ba. Ni kuwa ina da wani hali a lokacin: bakina ba ya iya cewa ban sani ba.

Wata rana wani dattijo Balarabe ya kawo motar marigayi mahaifinsa. Komai nata ya cika sai eriyar rediyo da ta karye tun tuni aka yar, saura raminta a gefen gaba na dama. Ya ce a wannan rediyon yake sauraron karatun Alƙur'ani tare da mahaifinsa in za su Makka, don haka ta asali yake so, ko da za a shekara ana nema. Mu'allim ya tambaye ni ko na san yadda ake gane ta. Na ce halas, wato an gama, ya bar mini.

Wallahi ban sani ba. Sai daga baya na koyi cewa ta asalin tana da tambari da lamba a gindinta, gaɓoɓinta huɗu, kuma tana zama a raminta daram ba tare da an taɓa jikin motar ba. Ni dai na tafi tashlih, inda ake sayar da sassan matattun motoci, na zaɓo wata mai sheƙi da ta yi mini kama. Da na zo sakawa ta ƙi shiga. Nan ya kamata in tsaya. Amma da na ga Mu'allim ya fita sayen fenti, sai na ɗauki magagari na faɗaɗa ramin, na rufe bakinsa da roba. Dattijon ya tambaye ni har sau biyu ko ta asali ce, na rantse masa.

Murnarsa ce ta zame mini kurkuku. Ya dinga kawo abokansa masu tsofaffin motoci, suna miƙo mini eriyoyi da fitilu in tantance musu, Mu'allim yana alfahari da ni a gabansu. Kowace amsa da na bayar sabuwar ƙarya ce a kan tsohuwa. Na koma duba hotuna a waya a ɓoye, kuma duk abin da na koya sai ya ƙara nuna mini cewa masani kallo ɗaya zai yi ya gane. Gyara ba ya yiwuwa, domin ƙarfen da na goge ba zai dawo ba. Ko an samo ta asalin, lilo za ta yi a ramin. Gudu ba ya yiwuwa, ba ni da takardar da zan wuce shingen 'yan sanda da ita. Magana kuma ina tsoro, don in dattijon ya kai ƙara, ba ni kaɗai za a kwashe ba, har da Mu'allim da ya ba ni mafaka. Motar tana nan ana gyaran kujerunta, kullum na buɗe ƙofar ɗakina ita nake fara gani. Har zuwa unguwar Bab Makka cin tuwo ranar Juma'a da 'yan garinmu na daina.

Ana haka dattijon ya ce zai kai motar taron masu tsofaffin motoci, kuma da ni zai tafi in yi wa mutane bayani. Saura kwana uku na faɗa wa Mu'allim. Ya cire robar, ya zura yatsa a ramin, sannan ya ce da bakina zan gaya wa mai motar. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce da na ce ban sani ba, da ya jira shekara goma. Ba eriyar ce ta dame shi ba, rantsuwar ce, da kuma wurin da tun zamanin mahaifinsa ba a taɓa sa wa ƙarfe ba. Bai kai ƙara ba. Ya sa aka ɗauke motar a ranar, abokansa ma suka janye nasu ɗaya bayan ɗaya. Mu'allim bai kore ni ba, amma bai sake miƙo mini aiki ba. Bayan wata biyu na miƙa kaina ga hukuma aka dawo da ni gida.

Na daɗe ina ɗora wa rashin iƙama laifin ƙuncin da na shiga, alhali ni na ɗaure kaina. Na ɓata wa mutum abin tunawa da mahaifinsa, na zubar da mutuncin wanda ya rufa mini asiri. 'Yan'uwana masu sana'a, musamman waɗanda ke ƙasar wasu, in aka kawo muku abin da ba ku sani ba, ku faɗa tun da wuri, ku tambayi wanda ya sani. In kuma kaya ya ƙi shiga wurinsa, kada ku tilasta masa, ku ajiye magagarin.