Jan Fure a Jikin Tuwo

Ko da zan manta komai, ban da ranar gayyar gonar Babanmu a Maijirgi, ranar da tuwon Inna ya yi kwalliya.

A shekarar ciwon baya ya kwantar da Baba, ciyawa ta kusa shanye geronmu, shi ya sa aka kira gayya. 'Yan gayya kuwa ba a biyansu, ciyar da su ake yi. Inna ta tuƙa tuwon dawa tun da hantsi. Akusanmu suka yi kaɗan, sai aka sayo wasu ledoji masu zanen jan fure, muka dinga ƙulle malmala da zafinta. Muka loda a amalanken jaki, rana na dukansu har gona.

Da aka kwance, kowace malmala ga furenta ja raɗau a jiki, ledar kuma ta koɗe. Ga wani wari irin na sabon takalmin roba. Manoma suka yi ta dariya, wani ya ce yau tuwon amare za su ci. Gwaggo, yayar Baba, ta ce a kankare saman a zuba miya.

Inna ta gutsura ɗaya, ta shinshina cikinta, ta dubi Gwaggo.

"Yaya, jan nan mun gane shi don yana da launi," ta ce. "Wanda ya shige babu launi hwa, da mi za mu kankare shi?"

Gwaggo ta ce in mutanen nan suka tashi da yunwa, gonar ƙaninta ta tafi. Gaskiyarta ce, ni kaina haushin Inna na ji. Amma Inna ta ƙeƙasa ƙasa, ta ce ba wanda zai ci tuwon nan. Aka dama 'yar furar da muka zo da ita, ba ta kai ko'ina ba. Kafin la'asar rabin manoman sun saɓa hauya sun tafi. Ciyawa ta cinye gefen gabas, kuma mun ji a jikinmu kafin wata damina.

Da aka gaya wa Baba, cewa kawai ya yi mutanen taimakonsa suka zo, gara gona ta cutu da su cutu.

Yanzu a Tasawa kullum ina ganin ana zuba koko mai tururi a farar leda, ba fure, ba alama. Sai in tuna da tuwon Inna. Ranar nan ce ta koya mini cewa abin da ka ƙulle abinci da shi, da shi kake haɗiyewa.