Fitila ta Arba'in a Tsibirin Wajdi

Duk wanda ya san kasuwar Jarjis, garinmu na bakin teku, ya san shagon Lutfi mai gyara, ɗan lungun nan tsakanin mai sayar da komar kamun kifi da mai sayar da soso, inda warin dalma ke tarbar mutum tun kafin ya yi sallama. Shekara ashirin da shida yana wurin, tabarau a karan hanci, yana farke cikin na'urorin wasan bidiyo yana mayarwa. Ba shi da yawan magana, fara'arsa ma ba ta a zo a gani ba ce. Amma yana da wata ɗabi'a da ta sa har daga ƙauyuka ake nemansa: ba ya goge na'urar da aka kawo masa sayarwa sai ya ƙarasa wasan da mai ita ya bari a tsakiya.

A garinmu kuwa kowa ya san na'urorin su wa ake kawowa. Saurayi ya shiga kwalekwale da niyyar Italiya, wata shida, shekara guda, shiru kamar an shuka dusa. Ranar da uwarsa ta gaji da kallon akwatin nan a ƙarƙashin talabijin, sai ta naɗe shi a tawul ta kawo. Lutfi ya kunna, ya tarar da mutumin cikin wasan tsaye a bakin kogo ko a tsakiyar gada, takobi a hannu, yana jiran mai shi. Ya ce shi kunya yake ji ya share mutum yana tsaye haka. Sai ya zauna bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga titi, ya kai shi ƙarshe. Iyayen su dawo su tambayi yadda aka ƙare, ya faɗa musu a taƙaice: an ceto garin, an kashe dodon, ɗanku saura ƙiris ya rage masa. Su yi kukansu, su yi godiya, su tafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar kuma yana tare da abokansa biyu a gidan shayi, Hadi mai aski da Munsif direban tasi. Tun suna 'yan makaranta suke buga wasa tare, yanzu ga furfura ga tumbi, ba su fasa ba. Dokarsu ɗaya ce: ba ka da bakin magana a kan wasan da ba ka gama ba. Wanda ya gama shi ake ba kujerar kusa da fanka, ya baje kolinsa har shayi ya huce.

Munsif ne sarkin kuka. Ya taɓa gama wani wasa na makiyayi da dokinsa, dokin ya mutu a ƙarshe, ya zo yana ba da labari murya na rawa, wai kwana biyu ya kasa cin abinci.

"Ƙato da kai, da jikoki biyu, kana makokin dokin lantarki," in ji Hadi. "Ka faɗa mana ranar sadakar uku mu kawo dawa."

"Kai dai ba ka da zuciya, shi ya sa askinka ke zafi."

Shi kuwa Hadi bai taɓa gama wasa ya yaba ba. Awa sittin yana bin wani boka, ashe wan jarumin wasan ne, sai ya ce da ya sani da bikin surukinsa ya je, aƙalla can akwai nama. Lutfi yakan saurare su yana murmushi. In aka zo kansa, ba wasan yake bayyanawa ba, mai wasan yake bayyanawa. Wannan yaron matsoraci ne, ya tara magani ɗari bai sha ko ɗaya ba. Wancan mai tausayi ne, bai kashe dabba ko guda ba. Ya ce hannu ba ya ƙarya, yadda mutum ke riƙe linzamin sarrafa na'ura haka yake riƙe rayuwarsa.

Na'ura ɗaya ce a garin nan Lutfi bai taɓa kunnawa ba, ta ɗansa Wajdi. Shekara uku ke nan da Wajdi ya shiga kwalekwale da mutum goma sha tara. Teku ta dawo da shida, babu shi a ciki. Tun sanyin farko Lutfi ya binne ɗansa a zuciya, abin da yake so kawai a jera kujeru a ƙofar gida, a yi zaman makoki, a yi addu'a, ya huta. Matarsa Mubaraka ta ce ba a gidanta ba. Liman ya zo da maganar sallar ga'ib, ta ba shi shayi, ta raka shi ƙofa, ta ce ba a yi wa mai rai salla. Tun daga nan mata da miji suke cin abinci a faranti ɗaya kamar baƙi biyu a tasha.

Wata Litinin da hantsi sai ga ta a shagon, da abu naɗe a tawul.

"Ka ƙarasa wa 'ya'yan kowa," ta ce. "Naka fa? Ba sayarwa na kawo ba, Baban Wajdi. So nake in san inda ya tsaya."

Ya jira ta tafi, sannan ya haɗa wayoyi. Na'urar ta nemi intanet, ya ba ta. Wasan da ya fito bai taɓa ganin irinsa ba. Babu yaƙi, babu rubutu, babu wanda ke magana. Wani mutum ne cikin rigar ruwa a tsibirin da mutanensa suka watse, gida arba'in duk a duhu. Aikinsa ya ɗebo wuta daga hasumiya, ya kare ta daga iska, ya kai kowane gida ya kunna fitila. Ba ka jin komai sai takunsa da ƙugin teku. Wajdi ya kunna talatin da bakwai. Lutfi ya kwashe yinin nan iska na kashe masa wuta, da ƙyar ya kunna ta talatin da takwas, ya kashe na'ura, ya rufe shago.

Da safe ya kunna, ya tarar da fitila talatin da tara.

Ya cire tabarau ya goge, ya ƙirga tagogin ɗaya bayan ɗaya, sau uku. Makullin shago ɗaya ne, kuma a aljihunsa ya kwana. Gari ya waye sarai, mai soso na ciniki a waje, amma tsigar jikinsa ta tashi.

Ran Juma'a ya karya doka, ya yi maganar wasan da bai gama ba, kuma babu wanda ya tsayar da shi. Hadi ya ce abin a fili yake: samarin nan kafin su tafi sukan ba wani sunansu da lambar sirri, wani yaro ne a can wani gari yake bugawa, na'urorin suna haɗa abin da aka yi ta intanet. Munsif ya ce ko kuma an tsinci wayarsa a bakin ruwa. Suka yi ta kawo dalilai, kowanne da kansa da ƙafarsa. Dalili ɗaya ne babu wanda ya furta, shi ne kuma ya sa shayin ya huce ba a sha ba.

Bai gaya wa Mubaraka ba. Me zai ce mata? Matar da ta rayu shekara uku a kan ko-da-wataƙila, in ya ba ta wannan, ba makoki har abada. In kuma ya ɓoye, wataƙila ɗanta yake ɓoye mata. Ga shi fitila ɗaya ta rage, in aka kunna ta wasa ya ƙare, ƙofar da ke tsakaninsa da wancan hannun ta rufe. Don haka bai kusanci gida na arba'in da wuta ba. Kullum yakan kai mutumin gindin hasumiya ya ajiye shi a inuwa.

Kullum da safe kuma a bakin teku yake samunsa, ya ba tsibirin baya. Ranar farko a kan yashi. Kashegari ruwa a idon sawu. Bayan kwana huɗu ruwa a gwiwa, rigar na lilo a kan kumfa. Lutfi yakan juyo da shi a hankali, ya hau da shi tudu, yana ce masa a'a, a'a, dawo nan, kamar mai lallashin jariri. Mai koma ya taɓa leƙowa ya tambaye shi da wa yake magana.

Ya nemi hanyar aika saƙo, babu, wasan bebe ne. Abin da kawai mutumin ke iya ɗauka ban da wuta shi ne dutsen tare ƙofa. Sai Lutfi ya ɗebo duwatsu uku, biyu manya ɗaya ƙarami, uwa da uba da ɗa, ya jera su a dokin ƙofar gida na arba'in. Kashegari manyan biyu suna nan yadda ya bar su. Ƙaramin yana hannun mutumin, shi kuma ruwa ya kai masa ƙugu. Lutfi ya zauna yana kallo har aka kira azahar. Na bar gida ake nufi, ko ina cikin ruwa, ko kuwa wani ɗan banza ne kawai ya ga dutse ya ɗauka? Tsoro ya kama shi, tsoron da bai ji ba ko ranar da ya je duba gawarwaki shidan nan.

Rana ta goma sha ɗaya Mubaraka ta kawo masa abinci da kanta, abin da ta daina yi tun tafiyar Wajdi, ta tambayi inda aka kwana. Yana kame-kamen amsa, linzami na ajiye a kan tebur kusa da kwanon miya, sai mutumin cikin wasan ya juya da kansa ya fito daga ruwa.

Ko a ilimin Lutfi na shekara ashirin da shida hakan ba ya yiwuwa, na'ura biyu ba sa riƙe mutum ɗaya a lokaci guda. Amma ga shi yana tafiya. Nan take ya faɗa mata komai, tun daga fitila ta talatin da tara har duwatsun. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna dab da gilashin talabijin, ta haɗa hannuwa a cinya.

Mutumin ya hau hasumiya ya ɗebo wuta. Ya sauko a tsanake, ba gudu. Ya bi ta lambun farko, ya juya ya rufe ƙyaure. Ya bi ta na biyu, ya rufe. Duk inda iska ta taso sai ya tsaya ya jira ta wuce. Da ya isa gida na arba'in ya ɗan dakata a ƙofa, ya motsa nan da can, sannan ya tsallake duwatsun ya shiga. Taga ta yi haske. Aka nuna tsibirin daga sama, fitila arba'in a tsakiyar baƙin ruwa, babu mutum ko ɗaya da ya dawo cikin gidajen. Sunayen waɗanda suka ƙera wasan suka fara hawa, shi ke nan.

Mubaraka ta sauke ajiyar zuciya.

"Ba ɗana ba ne," ta ce. "Tun da na haifi Wajdi bai taɓa rufe ƙofa a bayansa ba, bai kuma taɓa jiran komai ba. Wannan ɗan wasu ne, Allah ya raya musu shi. Baban Wajdi, ka sa a kawo kujeru ran Alhamis. Na gaji."

Lutfi ya sake duban gilashin. Ita ƙyaure take kallo, shi kuwa hannu yake kallo. Ɗan motsin nan na bakin ƙofa da ta ɗauka shawagi ne, shi ya karanta shi sarai: hagu, hagu, dama, baya, durƙuso sau biyu. Haka yake gwada kowane linzami bayan ya gyara shi, tsarin da ya ƙirƙiro da kansa, babu mai gyaran da ke yin irinsa. Mutum ɗaya ne ya tashi yana ganin hakan a shagon nan har ya zame masa jiki, yana yi kafin duk wani wuri mai wuya, yana cewa sa'a yake kawo masa.

Ya dubi fuskar matarsa. Shekara uku bai ga ta saki haka ba, kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka. In ya yi magana zai mayar mata da tulun, kuma ba shi da adireshi, ba shi da murya, ba shi da komai sai durƙuso biyu. Ya ce to, Allah ya kai mu Alhamis.

Aka jera kujeru har bakin titi. Liman ya zo, maƙwabta suka zo, iyayen da ya ƙarasa wa 'ya'yansu wasa suka zo layi guda suna riƙe hannunsa. Munsif ya yi kukansa, yau ko Hadi bai tsokane shi ba. Kowa na cewa gara haka, yanzu hankalin Lutfi zai kwanta, ai abin da ya daɗe yana roƙo ke nan. Shi kuwa a duk taron nan shi kaɗai ne bai yarda akwai mamaci ba.

Da aka tashi sallar la'asar ya sulale ta bayan gida ya nufi kasuwa. Ya buɗe shago, ya kunna na'urar, ya fara wasan daga farko da sunan Wajdi. Gida arba'in, duk a duhu. Ya ɗebo wuta ya kai mutumin ƙofar gida na farko, bai shiga ba. Ya ajiye linzamin a kan tebur, ya bar na'urar a kunne, ya koma karɓar gaisuwa.