Saƙon 'Yan Tsallake

Duk wanda ya daɗe a Harlem ya san Hajiya Bintu, doguwar matar nan mai sauri kamar wadda aka aika. Sana'arta kula da tsofaffi a gidajensu: ta yi musu wanka, ta ba su magani a kan lokaci, ta saurari labarin da suka ba ta jiya kamar yau ta fara jin sa. Da goyo ta zo New York. Yanzu goyon nan ta gama jami'a, in an yi mata Hausa ta amsa da Turanci.

Garinsu Bintu kogi ne ya raba shi biyu. Kafin yaƙi gada ɗaya ake bi, kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya. Da yaƙin basasa ya ɓarke, kowane ɓangare ya koma kiran ɗayan 'yan tsallake. A kan gadar nan aka harbe ƙaninta Ishawu, ko gawarsa ba a samu ba. Sannan manyan ƙasashe suka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, jirgi ba ya sauka, kaya ba sa shiga. An daina harbi, an zauna sulhu, amma takunkumin bai motsa ba. Shekara da shekaru Bintu ba ta ga mahaifiyarta ba sai a waya.

Maƙwabcinta Mahaman, mutumin Damagaram, direba ne a wani ofishin jakadanci, kuma abin da manya suka tattauna a bayan mota ba ya wuce kunnensa. Shi ya tare ta a bakin bene wata ranar Laraba.

"Yaya Bintu, an janye takunkumi! Jirgi zai fara sauka. Har gadarku an gyara, an ce dattawan gari na zaman sulhu a kanta."

"Su zauna," in ji ta. "Ni Inna zan je gani."

Ta sayi tikiti. Sai ta yi abin da ya kamaci mai tafiya gida, ta bi gida gida tana sallama. Kowa kuwa ya san ƙa'ida: akwatin matafiyi ba nasa ne shi kaɗai ba. Wanda ya ba ka saƙo ba ka ce masa a'a, in kuma ka karɓa, hannu da hannu za ka miƙa. Kafin mako ya zagayo falonta ya zama kamar rumfar kasuwa: waya, turare, man zafi, takalman yara, har da injin markaɗe daga unguwar Park Hill.

Ana jibi za ta tashi, bayan la'asar, aka yi sallama a ƙofa. Malam Hafiz ne, tela, ɗan tsallake. Masallaci ɗaya suke zuwa, amma tun rasuwar Ishawu gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba, ko da yake ta san yana nan New York lokacin da aka yi abin. Ya tsaya a bakin ƙofa rungume da ƙunshi.

"Hajiya, na ji za ki gida. Tsohuwata ce ke fama da ciwon ƙashi, sanyi ba ya barin ta barci. Kwat ce mai kauri. In babu wuri, wallahi ba komai."

Ta daɗe tana kallon ƙunshin. Ta so a ce babu wurin. Amma ya yi sallama, ya ce saƙo, kuma na tsohuwa ne.

"Ajiye a can," ta ce. "Allah ya kai mu lafiya."

A ranta kuwa ta riga ta yanke shawara: in ta isa, za ta ba wani mai babur a bakin gada ya ƙetara da shi. Ƙafarta ba za ta taka tsallake ba.

Ranar tafiya ana tsakiyar zafin Yuli. Mahaman ya kai ta filin jirgin JFK, suka tarar da layi kamar na alhazai, kowa da lodin saƙon mutane. A wurin awon kaya suka sami ma'aikaci Abdul-Fatawu, ɗan Zangon Kumasi, ya ɗora akwatinta na ƙarshe a sikeli, ya girgiza kai.

"Mma, wannan ya wuce. Yau ko kin biya ba a ƙara kaya, jirgi ya cika. Sai ki rage."

Suka ja gefe, ta buɗe akwatin. Abu biyu ne masu nauyi a sama: kwat ɗin tsohuwar Hafiz, da na'urar awon hawan jini da atamfofin da ta saya wa Inna. Sauran duk saƙon mutane ne da ta yi wa alkawari baki da baki.

Mahaman ya sunkuyo, ya rage murya. "Yaya, kawo ta tela in sa a mota. In na koma in ce masa bagaji ya yi yawa. Ai ba ƙarya ba ne."

"Ba ƙarya ba ne," ta ce. "Amma na ce masa Allah ya kai mu."

"To ki bar na Inna?"

"Ka ji ka! In isa gaban uwata hannu rabbana bayan shekarun nan?"

Ta miƙe, ta dubi layi, ta dubi sikeli. Sai ta tambayi Abdul-Fatawu, "Ɗana, mutum kuna auna shi?"

"A'a, Mma, kaya kawai."

"Madalla."

Ta kwance ƙunshin, ta zazzage kwat ɗin, baƙa, mai gashi a wuya, ta zura a kan doguwar rigarta, ta ɓalla maɓallai har sama. Sikeli ya sauka daidai. Wata mata a layi ta yi guɗa, wani dattijo kuma ya fara ciro rigunan da ke cikin nasa akwatin.

Mahaman dariya har da riƙe ciki. "Yaya, mutane na neman fanka, ke kin shiga bargo! Kafin ki kai jirgi kin dahu."

"Na yi aiki a gidan tsohuwar da ke kunna na'urar ɗumama ɗaki a watan Agusta. Wannan wasa ne."

Amma kafin a buga mata takardar shiga jirgi gumi ya jiƙe mata wuya, ya ratsa cikin kwat ɗin. Ta shafa gashin wuyan, ta ji shi sharkaf. Ita da ta ƙare rayuwarta tana wanke kayan tsofaffi ta san ba a miƙa wa babba tufa da gumin wani a jiki, balle a aika da ita a bayan babur ba bayani. Sai an wanke, an shanya, an turara, sannan wadda ta saka ta ita ce za ta je ta durƙusa ta faɗi dalili da bakinta.

"Mahaman, in ka koma ka biya shagon telan nan."

"In ce masa me?"

"Ka ce ya kira tsohuwarsa ya gaya mata tana da baƙuwa. Ya kuma kwatanta mini gidan sosai, daga gada hannun dama ko hagu. Na daɗe ban bi ta wajen ba."

Mahaman ya daina dariya. "Dakwar, na ji, Yaya. Yanzu zan je."

Ta ɗauki jakar hannunta, ta gyara ɗankwali, ta shiga layin bincike tana fifita da fasfo.