Littafin da Na Sayar wa Baba Ishaya

Har gobe ban manta da ranar Asabar ɗin da na bar shago da rana tsaka na nufi unguwar Abu Hail da gudu ba, saboda littafi guda ɗaya. Ku sababbin da kuka zo kwanan nan, kun sha jin Fati tana kirana wanzami, kuna dariya ba ku san mafarin ba. Gara ku ji daga bakina, domin idan ita ta ba ku labarin sai ta ƙara abin da bai faru ba.

Ga wanda bai san aikinmu ba, shagonmu na unguwar Karama, a nan ƙasar Larabawa, tsofaffin littattafai muke sayarwa. Yawancinsu daga hannun mutanen da aikinsu ya ƙare ne, za su bar ƙasar, sai su zuba littattafansu a kwali su kawo mana. Mai shagon ba ya zama. Manaja ne ke riƙe da komai, shi muke kira Oga. Ƙarƙashinsa akwai Fati, 'yar zangon Kumasi, wadda take zama a kanta wurin masu saye. Ni kuma a sito nake, ni ke buɗe kwali. Kowane littafi sai na goge shi, na kaɗa shafukansa ko akwai yagagge, sannan na manna masa sitika. Kore na yara ne, shuɗi na ƙagaggun labarai, fari kuma na addini.

Farar sitika ita ce mai nauyi. A ƙasar nan ba a wasa da maganar addinin kowa, don haka ƙa'idar shago ita ce sai an duba littafin da kyau kafin ya hau wannan kanta. Na Musulunci Fati ke dubawa. Na Kirista kuwa tun watana na biyu Oga ya ce da ni, "Bulus, kai ɗan coci ne, wannan naka ne, kalas, magana ta ƙare." Na ji daɗi a raina, amma na ji tsoro. Ni a aji shida na firamare na tsaya a Billiri. Hausa ina karanta ta sarai, Turanci kuwa sai a hankali, da yatsa. Ban gaya wa Oga haka ba. Sai na samo wa kaina dabara. Idan littafi ya zo, in dubi bangonsa, in buɗe wurare uku, farko da tsakiya da ƙarshe, in nemi sunayen da na sani daga Littafi Mai Tsarki. Idan na same su, fari. Shekara biyu ina haka ba a samu matsala ba.

Wata Talata, cikin wani kwali, na ciro wani littafi mai kauri. Bangonsa baƙi ne mai tauri, rubutun da ke gefensa na ruwan zinariya, har da ɗan zaren nan na sa alama. Babu hoto ko ɗaya. Na buɗe farko, na ga Samson. Na buɗe tsakiya, na ga Delila da Filistiyawa. Na buɗe ƙarshe, ga Samson kuma. Na goge shi sau biyu don girmamawa, na manna masa fari, na ɗora shi a kanta tsakanin wani littafin addu'o'i da wani na tarihin ikilisiya.

Washegari Baba Ishaya ya shigo. Shi ne dattijon zumuncin cocinmu na masu jin Hausa, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, ya haura shekara sittin. Shi ya karɓe ni lokacin da na sauka ƙasar nan ban san kowa ba, shi ne kuma ya kawo ni wurin Oga ya ce, "Wannan ba ya ƙarya." Ya ce mini an ba shi koyarwar ranar Lahadi a kan Samson, ko akwai wani littafin bayani da zai taimake shi.

Na yi tsalle na ɗauko baƙin littafin. Ya juya shi, ya ce, "Ɗana, mai kyau ne?"

Na ce, "Baba, ai wannan littafi ne mai zurfi ƙwarai."

Ya ce to, tunda na faɗa, ba sai ya duba ba. Ya saya ya sa a jakar kayan aikinsa ya tafi. Ranar har na yi ta waƙar coci a sito.

Ranar Asabar da misalin ƙarfe ɗaya, wani kwalin ya sake zuwa daga gida ɗaya da na farkon. A ƙasansa na tarar da wata takarda mai sheƙi a naɗe, irin rigar da ake sa wa littafi mai taurin bango. Zanen da ke jikinta ya ba ni dariya: wani ƙato yana barci baki buɗe, wani siririn mutum kuma ya taka masa kai da ƙafa ɗaya yana jan gashi da hannu biyu, ga ƙudan zuma suna bin sa. Na kai wa Fati na ce ta duba ko littafin yara ne ya rasa rigarsa. Ta karanta sunan da ke jiki. Sunan da ke gefen baƙin littafin ne.

Fati ta yi sakandare, kuma duk hutun rana tana cikin karatun labarai. Ta juya bayan takardar ta fara karantawa, kafaɗunta suna rawa. Na ce ta fassara mini.

Ta ce, "Ei, Bra Bulus! Wannan ai labarin barkwanci ne. Wanzamin da ya yi wa Samson aski ne yake ba da labari. Wai aska uku ya karya a kan mutumin. Wai a cikin gashin ya tsinci saƙar zuma, da haƙorin jaki, da makullin ƙofar gari da aka yi shekara ana nema. Wai Samson kacici-kacici ɗaya kawai ya iya, kowane biki sai ya maimaita, kuma ba mai ƙarfin halin ce masa an sani."

Na ce, "Fati, na sa masa fari."

Ta ce, "To sauke shi mana."

Na ce, "Na sayar wa Baba Ishaya. Gobe zai koyar da shi a gaban jama'a."

Ta dube ni, ta rufe baki da mayafinta, ta sunkuya bayan kanta. Ina jin ta tana cewa, "Chale, abokina, ka kashe tsoho," tana shaƙewa da dariya.

Ni kuwa ba abin da ban hango ba. Baba mutum ne mai aiki har yamma, na san ba lallai ya samu lokacin karanta littafin duka ba. Na hango shi ya tsaya gaban zumunci da tabarau, ya buɗe wani shafi ya ce masana sun gano an samu haƙorin jaki a kan Samson. Na hango matasan nan masu digiri suna ƙyaftawa juna ido, wani ya ɗauka a waya, kafin dare ya kai har gida Najeriya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tara mutunci, ya zube a rana ɗaya, kuma da hannuna. Na kira wayarsa sau bakwai, ba ta shiga.

Na tafi wurin Oga na tsaya kamar mai laifi a kotu, na bayyana masa komai, har da dabarar buɗe wurare uku. Na ce a ba ni takardar da ake cikewa idan an yi kuskuren sitika. Ya ce babu irin wannan takarda. Na ce to in rubuta da hannuna. Ya ce, "Bulus, shwaya shwaya, bi a hankali. Littafin yana kanta?" Na ce a'a. "Wanda ya saya ya kawo ƙara?" Na ce tukuna. Ya dube ni ya ga yadda gumi ke zuba duk da sanyin ofis, ya ce, "Yalla, je ka. Ka dawo kafin biyar."

Na naɗe rigar littafin na sa a aljihu, na hau jirgin metro, na canza layi, na sauka Abu Hail. A hanya na shirya jawabin neman gafara har kashi huɗu, na manta uku.

Baba yana zaune da abokan aikinsa a wani ɗaki a hawa na biyu, amma ranar shi kaɗai na tarar. Yana bakin gado da singileti, baƙin littafin a cinyarsa, Littafi Mai Tsarki na Hausa a buɗe a gefensa. Idanunsa sun yi ja, ga hankici a hannu. Na ce shi ke nan, na sa dattijo kuka. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa.

Bai ce in tashi ba. Ya ɗaga littafin ya ce, "Bulus, wannan ne mai zurfin?"

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Ka karanta shi?"

"A'a, Baba."

"Ko shafi ɗaya?"

"Sunaye kawai na duba."

Ya ce, "To a nan laifinka yake. Ba a sitika ba, kowa yana kuskuren sitika. Na tambaye ka, ka ba ni shaida a kan abin da ba ka gani ba. Da ka ce mini, Baba, ban karanta ba amma ga shi ka duba, da na rage maka wani abu? Ni da na ce wa mutane ba ka ƙarya."

Wannan magana ta fi mari zafi. Na sunkuyar da kai ina jiran sauran. Sai na ji gado yana motsi. Na ɗago, na ga tsohon nan ya danne baki da hankici, hawaye na zuba. Ashe jan idon na dariya ne.

Ya ce, "Tashi ka zauna, kai dai Allah ya shirye ka. Tun shafi na biyu na gane. Wane littafin bayani ne zai fara da mutum yana ƙorafin an tashe shi daga cin abinci? Na ce bari in rufe, sai na ce bari in ga ƙarshen shafin. Kwana uku ke nan. Wayar ma kashe ta na yi don kada a dame ni." Ya buɗe wani wuri ya fassara mini yadda wanzamin ya ce minsharin Samson ne ya riƙa kaɗe masa hannu, dole ya jira tsakanin numfashi da numfashi kafin ya sa aska. Na yi ƙoƙarin riƙe fuskata, na kasa.

Na lura an haɗe wasu shafuka da abin maƙale shanya. Na tambaya. Fuskarsa ta canza, ya ce nan ne marubucin ya mai da mala'ikan Ubangiji ɗan aike mai ɓatan hanya, wannan kam ya wuce wuri, bai ƙarasa wurin ba kuma ba zai ƙarasa ba. Ya ce Samson mutum ne kamar mu, ya yi wautar da ta isa a yi masa dariya, amma akwai inda shi ba ya bin kowa.

Daga nan ya jawo Littafi Mai Tsarki ya ce, "Wa ya aske Samson?"

Na ce, "Delila mana, Baba. Ko 'yan makarantar Lahadi sun san wannan."

Ya miƙo mini Littafin Mahukunta sura goma sha shida, ya sa yatsa ya ce in karanta da ƙarfi. Na karanta. A nan aka ce ta sa shi barci a cinyarta, sannan ta kira wani mutum ya aske tukkwayen kansa. Na sake karantawa. Mutumin yana nan, ba suna, ba gari, layi ɗaya tak.

Baba ya ce, "Tun ina saurayi nake koyar da wannan sura, ban taɓa ganin bawan Allahn nan ba. Na ɗauka mai barkwancin ne ya ƙirƙiro shi, na zo in kama shi da ƙarya, sai ga shi shi ya fi ni lura. Abin kunya, ko?"

Na miƙa masa rigar littafin, na ce zan mayar da shi shago. Ya ce in bar masa abinsa, saura babi biyu.

Ranar Lahadi na zauna a kujerar baya. Baba bai zo da baƙin littafin ba, bai kuma ambaci sunana ba. Ya tsaya ya yi wa jama'a tambayar da ya yi mini. Kowa ya amsa da ƙarfi, "Delila!" har da masu digirin. Ya ce a buɗe. Sai ƙarar takarda ta cika ɗakin, sannan aka fara "kai!" da "ashe?" Ya yi koyarwarsa a kan mutumin da aka kira ya yi aikin hannunsa, bai tambayi kan wa yake askewa ba. Ya ce yawancinmu nan haka muke, a kira mu mu gyara, mu share, mu ɗauka, ba mai rubuta sunanmu, amma abin da hannunmu ya taɓa yana da nauyi. Mutane suka yi ta gaishe shi bayan an tashi. Da ya zo wucewa ta kusa da ni sai ya yi alamar almakashi da yatsu biyu, bai ko dube ni ba.

Ranar Litinin na gaya wa Oga gaskiya cewa Turancina bai kai in riƙe farar sitika ni kaɗai ba. Bai kore ni ba. Ya ce daga yanzu duk littafin da nake shakka, Fati ta karanta mini shafin farko da na baya, ni kuma in yanke hukunci, tunda ni na san labaran. Haka muke yi har yau, shi ya sa kuke ganinmu da rana, Musulma tana karanta wa Kirista, tana tsayawa tana tambaya ko wannan ma yana cikin littafinku ko ƙari ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a wannan sana'a mai saye yana dogara da bakinka fiye da bangon littafi. Idan ya tambaye ka ko mai kyau ne, kuma ba ka karanta ba, ka ce ban karanta ba. Ba wanda aka taɓa kora a kan wannan. Na kuma koyi cewa dattijon da kake tsoron zai karye, sau da yawa ya fi ka sanin inda zai yi dariya da inda zai tsaya.

Abu ɗaya ne ya ci gaba da damuna, wato dariyar da na yi a ɗakin Baba, ko zunubi ce. Na yi mako biyu ina juya abin, daga baya na je na tambaye shi. Ya ce shi ma bai sani ba, mu bari idan mun isa can sai mu tambayi Samson da kansa. Na ce to. Ya ce, "Amma kai za ka yi tambayar, ɗana. Ni daga nesa zan tsaya."