Ranar da Malam Ya Fassara Fim ɗin 'Yan Leƙen Asiri

Ana idar da sallar asuba muka bar gida a Woodbridge, ni da maigidana Malam da babbar jikarmu, wadda ke karatun tarihi a wata tsohuwar jami'a cikin Washington. 'Yan uwa, kun san ni ba mai yawo ba ce. In ba Juma'a ko suna ba, ƙafata ba ta wuce bakin gareji. Malam ne ya fitar da ni. Tun ciwon da ya kwantar da shi bara, jiki ya yi sauƙi, yana takawa da sanda, amma magana ta ɗauke. Likita ya ce harshensa lafiya lau. Mutumin da a Kaduna sai na roƙe shi ya yi shiru ya ci tuwo kafin ya huce, yanzu daga "to" sai "a'a". Babban ɗanmu har ya fara zancen a riƙa kai shi gidan da tsofaffi ke wuni, ko zai sake. Zancen nan ya tsaya mini a rai. Ina raye, a miƙa wa baƙi mijina su yi masa reno?

Jikar ce ta kawo shawara. Ta ce a makarantarsu za a nuna tsofaffin wasannin talabijin na Ingila, na 'yan leƙen asiri. Ta sha jin labarinsu a bakina. Muna sabon aure, talabijin ɗaya ce tak a layinmu, a gidan wani babban ma'aikacin reluwe. Akan fito da ita tsakar gida, mata gefe, maza gefe, Malam kuma a kan kujera kusa da akwatin, don shi ke fassara wa mutane abin da Turawan ke faɗi.

Ba mu bi babbar hanya ba, jirgin ƙasa muka hau. Ta taga na hango motoci sun yi layi kamar tururuwa, ja-ja-ja fitilun baya, ba mai motsi. Na ce ashe haka ɗana ke shan wahala kullum, ni kuwa ina yi masa faɗan makara. Cikin jirgin kowa da kofin kofi da abin toshe kunne, ba mai gaida wani. Na gaida matar da ke kusa da ni, ta yi murmushi ta matsar da jakarta. Malam na ta kallon kogi ta taga.

Da muka isa birni muka koma Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Matakalar nan mai tafiya da kanta da ta fito da mu, wallahi sai da na yi salati, don tsawonta kamar za a kai mutum sama ta bakwai. Unguwar kuwa duk ofisoshin jakadanci ne, tuta nan, tuta can, kyamara a kan kowace katanga. Na ce wa jikar, ai ba sai mun shiga kallo ba, ga mu ana kallonmu. A ɗakin cin abincin makarantar na ga burodi mai sanyi da ganye a ciki, da ta faɗa mini kuɗinsa na ce a mayar da shi inda aka ɗauko. Na buɗe jakata, muka ci masa da dambun nama, muka sha kunun gyaɗa daga fulas.

Kafin a kunna fim, wata malama ta yi jawabi, jikar na raɗa mini a kunne. Abin ya ba ni mamaki. Wai bayan yaƙin duniya na biyu, Ingila ta ci nasara amma ta fito a gajiye. An daɗe ana auna musu sukari da nama da kati. Ƙasashen da suke mulka suna ta zamewa daga hannunsu, har da tamu. Ga tsoron bam ɗin da zai share gari ɗungum. Abin da ya fi cin ransu kuma, sai aka gano wasu masu sayar da asirin ƙasa ba baƙi ba ne, 'ya'yan manya ne da suka yi makarantun manya. Shi ya sa, in ji ta, wasannin farko suke cike da ado da motoci da jarumin da ba ya faɗuwa, don a kwantar wa mutane hankali. A lokacin ne kuma 'yan mata suka fara kama aiki, ɗan talaka ya fara ɗaga kai gaban mai gidansa, sai duk aka zuba a cikin wasan. Daga baya aka daina ruɗin kai, wasan ya koma ofis mai duhu, dattawa na shan shayi suna zargin juna.

Ni fa a da na ɗauka ƙarfi ne ya yi musu yawa suke nuna mana. Ashe mutane ne da abin hannunsu ke zubewa, suna ƙarfin hali. Sai na ji tausayinsu.

Aka kashe fitila. Fim ɗin baƙi da fari ne, ga wani mutum da doguwar kwat yana tsaye a tashar jirgi cikin ruwan sama. Ɗakin tsit, ko tari babu. Kawai sai na ji murya a gefena, da ƙarfi, irin ta tsakar gida.

"To jama'a, ku lura da wannan mai kwat ɗin. Ba mutumin kirki ba ne. Gadon ƙanensa ya cinye."

Kawuna suka juyo. Wani ya yi "shhh". Kunya ta kama ni har na ɗaga hannu zan taɓa shi, sai na tuna abin da ya kawo ni. Na mayar da hannuna cikin mayafi.

Malam ya ci gaba abinsa. Wai wani mai shan shayi da aka nuna kawunsu ne, wata yarinya da ke tuƙa mota kuwa an aiko ta ne ta karɓo takardun gida. Jikar ta toshe baki tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Hajiya, ba haka suke cewa ba fa. Babu gado. Sirrin jirgin ruwa ne."

Na ce, "Ke rufa mana baki. Shekara da shekaru haka muke kallonsa."

A nan na gane ashe duk layinmu labarin Malam muke kallo, Turawan hoto kawai suka ba mu aro.

Mai kula da ɗakin ya zo cikin ladabi, sai muka lallaɓa muka koma kujerun can baya. Wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi ta taso ta biyo mu. Na ce shi ke nan, faɗa ya zo. Ashe 'yar Ingila ce, so take a gaya mata abin da yake faɗi. Da jikar ta juya mata, ta yi dariya har ta riƙe hannuna. Bayan an tashi ta ce tana yarinya, babanta ya dawo daga aiki a wata ƙasar da ta samu 'yanci, ya zauna a kujera ya daina kula kowa, sai in ana wasan nan yake motsi. Na ba ta ragowar dambu, ta ci, yaji ya sa ta neman ruwa.

Muka yi azahar a ɗakin sallar ɗalibai, muka kamo hanya. A jirgi musu ya kaure. Jikar ta ce sirrin jirgin ruwa ne, Malam ya ce, "Ke Baturiyar gidanmu, wa zai bar tuwonsa ya zo kallon jirgin ruwa? Kin taɓa ganin teku a Kaduna?" Tun tana amsawa da Turanci har ta koma Hausarta mai gargada, yana gyara mata yana tsokana.

Mun iso gida kafin magariba. Tafiyar nan ta koya mini cewa mai yawan nuna ƙarfi sau da yawa tsoro ne a cikinsa, ƙasa ce ko mutum. Na kuma gane Malam ba magana ya rasa ba, masu saurare ya rasa. Mun zaunar da shi muna ta yi masa hidima, ba wanda ya nemi komai a wurinsa.

Ɗanmu ne ya buɗe mana ƙofa. Malam ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, wannan ciyawar ta ƙofar gida, sai ta haɗiye mu za ka yanke ta?" Ɗan namu ya tsaya riƙe da ƙofar, idonsa ya ciko. Da na zo wucewa na ce masa a hankali, zancen gidan wunin nan, kada in ƙara jin sa. Ya ce, "To, Hajiya."