Ɗakin da Na Gyara wa Injin Haƙa

Ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Haka na tashi na ga uwata tana yi da babban yayanmu. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a yabonta a gaban mutane, ba a zama da ita ana hira har haƙora su fito. In zan aike ta sai in ce "ke". In zan ba da labarinta sai in ce "yarinyar nan", ko da yake ta girma ta gama karatun kwamfuta. Ita kuma Yaya take ce mini, don abin da ta ji ƙannena suna faɗa ke nan tun tana rarrafe. Ban taɓa ganin laifin wannan tsari ba sai shekarar da ta haɗa injin haƙar kuɗi a falona a Kakuri.

Ba rami ake haƙawa ba, kada wani ya yi zaton haka kamar yadda na yi da farko. Kwamfuta ce ake bari tana ta lissafi ba hutu, sai a biya mai ita da kuɗin intanet da suke kira kirifto. Daga bayan labule na tsinci wannan bayani, tana yi wa wata ƙawarta a waya. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, bayan rasuwar ubansu, in ana maganar ilimi kunnena har motsi yake yi. Amma ban tambaye ta ba. Ta wane baki?

Kafinta ta sa ya yi mata firam na katako, kamar kantar jera kwanuka. A kai ta jera wasu katuna masu nauyi, kowanne da 'yan fankokinsa a ciki, ta bar tazara tsakaninsu don su sha iska. Wayoyi kuwa kamar an zubar da taliya. Akwai wani farin mai irin na goge baki da take ɗigawa kaɗan a kan ƙwaƙwalwar injin kafin ta ɗora wani ƙarfe mai haƙora. Tana aiki harshenta a ɗan waje, sak ubanta in yana gyaran keken ɗinki. Ina wucewa da faranti ina satar kallo, zuciyata cike. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, kwashe wayoyin nan kada su kayar da mutum."

Sana'ata yaji ce. Barkono, citta, kanunfari, ƙuli-ƙuli, ina daka su a tsakar gida ina tankaɗewa, masu tsire da masu shago suna zuwa ɗauka. Da bazara ta kama, injin ya fara huci kamar wanda ya yi gudu. Akwai lamba a allon da ke nuna zafinsa, ni ma ina iya karanta ta daga bakin ƙofa. Kullum sai ta hau, ta koma ja, sai abin ya mutu da kansa. Ga masu wuta suna ɗaukewa yadda suka ga dama. Rannan da hantsi yarinyar ta fito da katunan waje, ta sa abin hura iska a cikin fankokin. Wata jar ƙura ta tashi. Ta yi atishawa, na yi, har akuyata ta yi.

A daidai nan maƙwabciyata ta shigo. Madam muke ce mata, mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ƙanƙara take sayarwa, rufinta shimfiɗe da farantan sola, wuta ba ta yanke mata. Mun daɗe muna zaman arziki. Da Sallah in kai mata nama, da Kirsimeti ta aiko da shinkafa da kazar da ta sa malamin layinmu ya yanka don mu iya ci.

Ta shaƙi ƙurar ta yi tari har da hawaye, sannan ta fashe da dariya.

"Hajiya! Kin mai da kwamfutar ɗiyata tsire! Saura albasa da tumatir."

Ta kira sunan yarinyar da cikakken baki, ta ja shi kamar waƙa, ta kama kumatunta da hannu biyu. "Kawo shi wurina, kin ji? Ga wuta, ga iska, ba barkono."

Yarinyar ta ɗan dube ni ta gefen ido. Na ce, "Ai gara a rage mini hayaniya." Na koma kan turmina.

A gidan Madam akwai wani dogon lungu mai ƙofa gaba da baya. Nan suka kafa injin. Babbar fanka ɗaya tana jawo iska daga inuwa, ɗaya tana tura mai zafin waje, suka ɗaura gidan sauro a ƙofar shigowa don ya tace datti. Lambar ba ta ƙara yin ja ba. Wannan duk ta kan katanga na ji shi, don Madam ba ta iya magana a hankali ba.

Da na yi zaton injin kawai ya tashi. Ashe da mai shi ya tafi. Da safe ta gaishe ni a tsaye ta fice, sai magariba. Can take cin abinci. Tuwona ya kwana a kwano ya yi tauri. Ina daka ina jin dariyarsu, tabarya tana sauka da ƙarfin da bai kamata ba, har wani mai tsire ya ce yajin wannan karon ya fi laushi. Sai rannan na ji yarinyar ta ce, "Momi, zo ki gani." Momi. Ni da na yi naƙudarta a ɗakin uwata ina cizon zane don kada a ji muryata, ni ce Yaya. Mai ƙanƙara ita ce Momi.

Na ɗauki kwano na shiga gidan wai sayen ƙanƙara, ni da sanyi ke tayar mini da ciwon haƙori. Na same su a lungun. Yarinyar a durƙushe tana ɗaure waya, Madam a kanta tana share mata gumin goshi da bakin zanenta.

"Yauwa, Hajiya, zo ki ga abin da ɗiyarki ta ƙera da hannunta. Maza nawa ne a layin nan za su iya? Faɗa mata ta yi ƙoƙari mana."

Na ce, "Ƙanƙara na zo saya."

"Abeg, kalma ɗaya. Ba za ki mutu ba."

"Mai ƙarfi nake so, ba wadda ta fara narkewa ba."

Madam ta zuba mini tana girgiza kai. "Wannan zuciya taki, ko firiza tawa ba ta kai ta sanyi ba."

Na fito kwanon yana ƙona mini hannu da sanyi. Ita Madam tana da izinin faɗin duk abin da ke raina, a gabana, kyauta, kuma ita ake gani mai ƙauna.

Ana haka ɗan Madam ya gama gina mata gida a Unguwar Boro. Yarinyar ce ta kawo mini labarin. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta ba ni gefe, tana wasa da mayafinta.

"Yaya, Momi za ta tashi ƙarshen wata. Ta ce akwai wurin inji a can. Ta ce akwai ɗaki ma, in ina so in riƙa kwana, tunda abin yana son a sa masa ido."

Ta gyara tsayuwa tana jira. Na san abin da take jira. Na juya miya na ce, "To."

Ta daɗe a tsaye kafin ta tafi.

Washegari na sa aka ɗora turmina da tabarya da rariya a keke aka kai gidan ƙanwata a Unguwar Sanusi. Na ce daga yau can zan riƙa zuwa daka, kada barkono ya ƙara shiga inji. Sannan na kwashe kayana daga ɗakina, na can ƙurya ƙarƙashin mangwaro, wanda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Tunda zafi ne ya kori yarinyar, to ni ma na san sanyi. Na girma a gidan da ba fanka ba firij, amma ruwan randar uwata sai ya sa haƙori ya amsa. Na san yadda ake yi. Rana ba a ba ta hanya, iskar waje ba a barinta ta shigo da zafinta.

Na kira magini ya toshe babbar tagar da bulo, ya bar 'yar kafa a sama. Na rataya bargo mai kauri a ƙofa. Na sa aka zuba yashi a kusurwa, na jiƙa shi, na girke randuna biyu a kai. Safe da rana ina yayyafa wa daɓen ruwa. Duk wannan tana gidan Madam, ba ta sani ba. Da na gama, in ka shiga ɗakin da azahar sai ka ji kamar ka leƙa rijiya. Na tsaya a tsakiya na ce a raina, to Madam, zo ki gwada.

Saura in faɗa mata. Da ta shigo ɗaukar wani abu da rana, na fuskanci akuyata na ce, "A gaya wa mai inji akwai ɗaki a ƙurya, in tana so."

Ta je ta dawo tare da Madam, don yanzu ko tari za ta yi sai da Madam. Suka ɗaga bargon suka shiga, ina biye.

"Kai! Hajiya, wannan ai firij ne," in ji Madam. "Ki ba ni haya in zuba ƙanƙarata."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta dubi bulon da ke wurin taga, ta taɓa bangon, ta dubi jiƙaƙƙen daɓen.

"Yaya," ta ce a hankali, "randa ba ta yin zafi da kanta. Shi injin daga cikinsa zafin yake fitowa. In aka rufe shi a nan, kafin la'asar ya dafa kansa. So yake iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Tagar da aka toshe ita ce ma abin da yake bukata. Danshin nan kuma tsatsa zai sa masa."

Madam ta fara dariya, ta dubi fuskata, ta haɗiye sauran.

Na ce, "To a fasa bulon."

"Ko an fasa, ba mu da sola."

"Wa ma ya ce don inji na yi? Goro zan fara sarowa."

Yarinyar ta taka zuwa bakin ƙofa. Ta leƙa tsakar gida ta gefen bargon, ta daɗe tana kallon wurin da turmi ya bar zagayensa a ƙasa.

"Ina turmin?"

"Ya tafi yawo."

"Gadonki fa?"

"Ke 'yar sanda ce?"

Sai ta cire takalmanta, ta zauna a tabarmar da na shimfiɗa don a ɗora firam ɗin, ta jingina da bango. Daga nan ta zame ta kwanta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban sani ba ko barci ne ko wani abu. Madam ta ja hannuna muka fito.

A ƙarƙashin mangwaro ta rage murya, karon farko tun da na san ta.

"Hajiya, duk wannan wahala. Me ya hana ki buɗe baki ki ce kada ta tafi?"

"Ba a yi."

"Wa ya hana?"

"Ke ba ki da na fari ne?"

"Ina da shi mana. Kullum sai na kira shi, in zage shi, in yabe shi, in sake zaginsa."

"Shi ya sa ya gina miki gida can bayan gari, ya huta."

Ta riƙe ciki tana dariya har ta zauna a kan bokitina. Ni ban yi ba. Har lokacin haushinta nake ji, kuma dariyar ma ta fi tawa kyau.

Ranar tashi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar Madam da sassafe. Aka loda firizoji da farantan sola da manyan fankokin nan biyu. Yarinyar ta kwance katunan ɗaya bayan ɗaya, ta shigo ta ɗauki wani tsohon zanena daga igiya ba tare da ta tambaya ba, ta naɗe su a ciki. Ina zaune a dakali ina tsince wake, idona a kan ƙofar gidana, ina jiran in ga an fito da akwatinta. Aka gama lodi, aka ɗaure igiya. Ba a fito da shi ba. Tun ranar nan da ta kwanta, a ɗakin ƙurya ta ajiye shi, kusa da randunan, ni kuma na koma falo ina fama da zafi da sauro.

Ta zo wucewa rungume da ƙunshin, ta ɗan tsaya ba ta dube ni ba.

"Yaya, a bar mini tuwo. Da magariba zan dawo."

Na ce, "In ya rage."

Ta shiga gaban mota. Madam ta shiga ta zauna kusa da ita, ta ɗora mata hannu a kafaɗa, ta leƙo tana ɗaga mini ɗayan. Na ɗaga mata da wake a tafina. Hannun nan na kan kafaɗa na bi da ido har suka sha kwana, ban ga ta sauke shi ba. Na tashi na shiga ciki, na ƙara gari a kan wanda na auna.